Majinyacin da Na Cire wa Allura

A shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan wajen Bangi, ni ke riƙe da wani ƙaramin asibiti a can. Iyalina suna Kontagora, nakan tafi Litinin in dawo Juma'a. Ma'aikacin jinya ne ni, amma Likita kowa ke ce mini.

Wata Laraba da hantsi wani manomi ya kawo mini mutum a babur, harsashi ya fasa masa cinya. Ya ce a bakin gonarsa ya tsince shi. Mai raunin Bafulatani ne, magidanci. Ban tambaye shi komai ba. Na wanke raunin, na ɗaure, na sa masa ƙarin ruwa. Yana ta ce mini sannu, kamar ni ne mai ciwon.

Kafin azahar sai ga 'yan sa-kai, su shida, da bindigoginsu. Na san shugabansu sosai. 'Yan bindiga sun kashe masa ƙanne biyu a gona, kuma ba don mutanensa ba da tuni garin ya watse.

Ya ce, "Likita, ba mu shi. Ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne."

Na ce, "Yaya, majinyaci ne. A kira 'yan sanda mana."

"Ranar da suka shigo gonarmu, 'yan sanda suka kira?"

Watanni kaɗan kafin nan an tara mu bita a Kontagora. An koya mana cewa wanda ya ji rauni ba a taɓa shi, ko soja ne ya kama shi ko ɗan sa-kai, kuma asibiti ba wurin shiga da makami ba ne. Duk na tuna a lokacin. Ko ɗaya ban faɗa ba. Na matsa daga bakin ƙofa. Ɗaya daga cikin 'yan sa-kan ya kasa zare allurar ƙarin ruwan, ni na zare da hannuna, har na manna auduga a wurin. Suka fita da shi.

Ba a sake ganinsa ba. Har yau ban san ko ya yi abin da suka ce ba.

Bayan kwana takwas wata dattijuwa ta zo, Hausarta da kyar. Ta ce an gaya mata nan aka kawo ɗanta.

Na ce, "Inna, an wuce da shi gaba."

Ta ɗauka babban asibitin Kontagora nake nufi, ban gyara mata ba. Ta yi ta sa mini albarka, ta tambayi inda ake shiga mota. Na fito na nuna mata.