Ɗan Farin Balaraba

Duk mai bi ta bayan makarantar firamare ta gabashin Gummi da la'asar ya san Balaraba mai awara. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana. Tana zama a gindin dogon yaro da kaskonta, kuma kullum bayanta ne ke kallon filin ƙwallo. Masu saye sun ɗauka hayaƙi take gudu. Ba hayaƙi ba ne. Ɗanta na fari ne ke wasa a filin.

A rugar da ke kusa da Gwashi aka haife ta, cikin shanu da ƙwaryar nono. Ta tashi ta tarar mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Da ta auri Makau, manomi a wani ƙauye kusa da Zugu, ta tarar su ma haka suke, sai dai nata ya fi nasu tsanani. Allah ya ba ta ɗa namiji, aka raɗa masa Saminu. Ranar da aka yaye shi, yayarta Hasana ta zo daga Anka ta goya shi ta tafi. Balaraba tana daka a lokacin, ba ta ɗaga kai ba. Daga ranar, in za ta ambace shi sai ta ce yaron Hasana. Shi kuma da ya yi baki sai ya bi sauran yara yana ce mata Adda, wato yaya.

Ta haifi 'yan mata biyu bayansa, su kam ta kira sunansu har ya ishe su. Sannan shekarar nan ta zo da 'yan bindiga suka kore shanun ƙauyen, suka tarar da Makau a gona. Allah ya jiƙansa. Balaraba ta kwashi 'ya'yanta ta zo Gummi gidan Dikko, wan mijinta, ya ba ta ɗaki ɗaya a bayan gida. Hannun da ya saba da tatsa ya koyi jiƙa waken suya, da tacewa, da danne awara da dutse. Da shekara ta zagayo Hasana ma ta rasu, aka dawo da Saminu gidan baffansa yana da shekara goma sha biyu, da jakar leda da ƙwallon da ta sha faci.

Gida ɗaya suke, amma kamar baƙi. In ta zuba masa abinci sai ta ajiye a kan turmi ta ce wa iska, "A ba yaron Hasana." Safarsa ta ƙwallo in ya yar a bakin rijiya, da safe zai tarar an wanke an shanya, bai taɓa tambayar wa ya wanke ba. Takalminsa ya yage sau uku, sau uku ta ɗinke da zaren buhu yana makaranta. Ba ta taɓa juyowa ta kalli wasansa ba, amma ta san sautin ƙafarsa a kan ƙwallo cikin na yara ashirin. In an yi ihu a filin, takan san ko nasa ne tun kafin a faɗa, sai ta ƙara wa mai saye yanka ɗaya.

Malam Lukman, malamin makarantar da ke horar da yaran, shi ya ga abin da ke ƙafar Saminu. Ya kai shi Gusau, daga Gusau aka kai shi Kaduna, daga nan aka kira shi sansanin horo a Abuja. Wata biyu yana can. Sai ga labari cewa an sa shi cikin 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai da za su je gasar sada zumunta a Maroko, su kara da yaran wasu ƙasashe. Malam Lukman ya ce a irin wannan gasa ne masu neman 'yan wasa ke zuwa su zauna da littafi a hannu. Ya kuma ce wannan ce ta farko kuma ta ƙarshe ga Saminu, domin bayan damina zai cika sha bakwai, ya wuce layi. Abu ɗaya ya rage: yaro ne, ba a fita da shi sai da yardar mahaifi ko mahaifiya. Malam ya cike takarda, ya rubuta uba Makau, marigayi, uwa Balaraba. Aka ce za a bugo waya a ji daga bakinta.

Ranar Alhamis da hantsi aka bugo. Malam Lukman ya shigo zauren Dikko da sauri, wayar a tafin hannunsa, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji. Dikko na zaune a kan buzu, ga maƙwabcinsa Barau mai kanti da wasu dattawa biyu da suka zo jin Abuja na magana. Aka kira Balaraba. Ta zo hannunta da ruwan wake, ta tsuguna a bakin ƙofa, ta ja mayafi.

Mace ce a wayar, Hausarta irin ta bariki. "Mama, sannu. Ke ne uwar Saminu Makau?"

Balaraba ta dubi ƙasa. Ga wan mijinta, ga maza huɗu. Bakinta ya faɗi abin da ya saba faɗa tun ranar yaye.

"Yaron Hasana na."

"Wace Hasana?"

"Yayata ta. Ta rasu."

"To ke fa, mene ne tsakaninki da shi?"

"Nan gidan dai yake."

Dikko ya gyaɗa kai, dattawan ma haka. A kunnensu amsa ce ta mace mai tarbiyya, babu wanda ya ji wani abu ya karye. Malam Lukman kaɗai ya dafe kai. Ya fizgi wayar ya fita waje yana Turanci da sauri, yana kai da komo a ƙofar gida. Da ya dawo fuskarsa ta canza.

"Inna Balaraba, don mi kinka yi haka?"

"To mi za ta ce, Malam?" in ji Dikko. "Gabana? Ɗan hwari na fa."

Barau ya yi dariya. "Ni tawa uwar har ta koma ga Allah 'kai wane' taka ce min. Sai da nig girma nis san ba Wane as sunana ba."

"Ku bar dariya," in ji Malam. Ya bayyana musu: matar ta ce sun sha ganin ana aron iyaye da takardu don a rage wa yaro shekaru. Takarda ta ce uwa Balaraba, Balaraba ta ce ba ita ba ce, kuma an naɗi muryar. Ya yi mata bayanin kunyar ɗan fari, ta ce ita ba ta da gurbin rubuta wannan. Yanzu sai an kawo takardar rantsuwa daga kotu kafin azahar ta Juma'a, lokacin da za a miƙa sunaye a nemi izinin shiga ƙasar.

Balaraba ba ta gane rabin maganar ba. Ta dai gane cewa bakinta ne ya jawo.

Suka tafi kotu a ranar. Magatakarda ya saurare su da haƙuri, ya ce tunda ita da kanta ta musa, rantsuwarta kaɗai ba ta isa ba, sai da shaidu biyu, ɗaya wanda ya halarci suna, ɗaya wadda ta ga haihuwa. Dikko ya halarci suna. Waɗanda suka ga haihuwa kuwa, ƙauyen ya watse, Hasana na kabari, saura tsohuwa Laraba ungozoma, wadda aka ce ta koma wurin jikokinta a Gwashi. Malam Lukman ya hau babur bayan azahar don ɗauko ta, ya ce gobe da hantsi suna nan.

Juma'a tun da aka buɗe kotu Balaraba na zaune a kan dakalin ƙofa. Ba ta jiƙa wake ba ranar. Ta yi alwala tun daga gida don kada a ce ta jira. Tana jan carbi, tana maimaita sunan a cikin ranta, tana gwada yadda zai fito. Duk babur ɗin da ya karyo kwana sai ta miƙe rabi ta koma. Hadari ya haɗu ta gabas, can wajen Bukkuyum, baƙi ƙirin, ta san abin da rafin hanyar Gwashi ke yi in ya sha ruwa. Dikko ya buga wayar Malam sau da yawa, ba ta shiga. Masinja ya fara rufe tagogi. Magatakarda ya fito da dardumarsa a kafaɗa, ya tsaya a kanta.

"Baiwar Allah, sai Litinin."

"Ko ni kaɗai in rantse? Ga ni da alwala."

"Da na iya da na yi miki."

Sai bayan an sauko daga masallaci babur ya iso, laka har gwiwa, tsohuwa Laraba a baya ta ƙanƙame Malam kamar jaririya. Rafi ya cika, sun jira ya janye. Da ya janye kuma aka ce an ga mutane da bindigogi a gaba, masu babura duk suka tsaya a wani ƙauye har wani ya dawo ya ce hanya ta yi kyau. Tsohuwar ta sauko tana dafa ƙugu, ta dubi kwaɗon da ke ƙofar kotu, ta dubi Balaraba.

"Ke ɗiyar nan, ni da nic cire shi daga jikinki, yau ni za a tambaya ko naki na?"

Litinin aka shiga. Ɗakin cike da mutane masu jiran nasu shari'o'in, maza sun fi yawa. Aka miƙo Alƙur'ani, Balaraba ta ɗora hannu. Alƙali ya ce ta faɗi sunan yaron da abin da yake gare ta, da ƙarfi, yadda mai rubutu zai ji. Gumi ya bi bayan kunnenta. Dikko ya juya fuskarsa ga bango don ya sauƙaƙa mata.

"Saminu," ta ce. Muryar kamar ba tata ba. "Ɗana na. Ni nih haihe shi, ran Talata, ana yankan gero."

Tsohuwa Laraba ta ce ƙwarai, ita ta yanke cibi. Aka buga hatimi. Malam Lukman ya ɗauki hoton takardar tun a tsakar kotu ya tura. Ya buga waya, tana ƙara ba a ɗauka. Ya sake bugawa. Washegari amsa ta zo a rubuce, layi biyu: sunaye sun tafi tun Juma'a, an sa wani yaro a gurbinsa, suna yi masa fatan alheri.

Saminu ya dawo ranar Asabar a motar kasuwa, da jaka sabuwa da riga koriya ta horo da aka bar masa. Ya gaida baffansa, ya gaishe ta daga nesa kamar kullum, "Adda, mun same ku lahiya?" Ta ce lahiya lau, tana kallon tukunya. Maganar tafiyar kuwa, mutanen unguwa ne suka yi ta faɗa. Wasu suka ce matar Abuja ce ba ta san mutane ba, wasu suka ce Malam ne ya kamata ya ja Balaraba gefe tun farko, shi kuma Malam ya ce shi ɗan gari ne, bai taɓa zaton kunya za ta bi mutum har cikin waya ba. Dikko ya ce rabo ne bai yi ba. Balaraba ta saurari kowa, ta wanke koriyar rigar ta shanya a bayan ɗaki inda rana ba za ta ci launinta ba.

Ranar da aka fara gasar, da la'asar ne. Gidan kallo na nan tsallaken titi daga inda take suya, an tayar da janareta, samari sun cika har waje. Filin makaranta babu kowa. Ta hura wuta, ta zuba mai, sai ta ji takun da ta sani a bayanta. Bai tsallaka titi ba. Ya zo ya zauna a kan benci na masu saye, abin da bai taɓa yi ba, ya sa hannuwansa tsakanin gwiwoyi.

Can ciki aka yi ihu, aka buga kwano. Wani ya leƙo ya ce an ci ɗaya, ya hango Saminu, ya koma da sauri.

Ta tsame awara huɗu masu zafi, ta barbaɗa yaji, ta tura farantin gefen bencin. Babu wanda za ta ce a ba wa, su biyu ne kawai.

"Adda," ya ce, yana kallon farantin. "Malam ya ce kin hwaɗi sunana gaban alƙali."

Ta juya awarar da ke cikin kasko, wadda ba ta isa juyi ba.

"Ya ce da ƙarhi kinka hwaɗa. Kowa ya ji."

Yana jira. Ta san abin da yake jira, kuma babu Dikko a wurin, babu dattawa, babu kowa sai ƙarar janareta. Ta tattaro sunan ta kawo shi har bakin haƙoranta, kamar yadda ta yi a kotu. Sunan ya tsaya nan.

"Ci," ta ce, "kar ta huce."

Ya ɗauki ɗaya. A tsallaken titi aka sake yin ihu.