Ranar Da Na Yi Wa Baba Ƙarya Na Kai Shi Gidan Abincin Shinuwa

Shekarun baya can, ina sabon shiga aikin ofis, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifina. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo, magana ta dawo, amma hannun dama ya tafi ke nan.

Mahauci ne tun tasowarsa. Kafin ka gama shan shayi ya feɗe rago ya rataye. A gidanmu na unguwar Ridina kuwa, faranti ɗaya maza suke haɗuwa a kai: shi, da yayana, da ni, da duk baƙon da rabonsa ya kawo shi. Tun da ya dawo daga asibiti bai sake zama a bakin farantin nan ba. Ya ce shi ba zai tsoma hagu a abincin da mutane suke ci ba. Liman ya zo har gida ya gaya masa lalura ce, babu laifi. Ya ce, "Na ji, Malam," ya ci gaba da abinsa.

Sai a kai masa abinci ɗaki, ya rufe ƙofa, anjima a ɗauko kwanon kusan yadda aka kai shi. Wata bakwai muna haka, har rigunansa suka yi masa yawa. Wata rana na tarar da mahaifiyata tana wanke kwanon tana hawaye. Ta ce mini, "Ba ciwon ne zai kashe mutumin nan ba, kunya ce." Na ji tsoro ƙwarai.

Akwai wani gidan abinci na 'yan ƙasar Sin, waɗanda mu nan muke ce wa Shinuwa, can gefen gari ta wajen unguwar Farcha. Wata tsohuwa ce take da shi, kowa Madam yake ce mata. Baba ya daɗe yana kai mata naman shanu, shi yake yankawa, ita kuma ba ta taɓa shigar da alade kicin ɗinta ba. Amma duk tsawon shekarun nan ta ƙofar baya yake shiga, ya sauke nama ya juya. Da ya kwanta, yayana ya karɓi aikin.

To ni da nake ganin na fi kowa dabara a gidan, sai na shirya ƙarya. Ran wata Lahadi bayan azahar na shiga ɗakinsa na ce, "Baba, Madam fa tana ƙorafi. Wai naman da Yaya yake kai mata ya lalace, tana neman wani mahaucin."

Mutumin da ya yi wata bakwai ba ya leƙa ƙofar gida, sai ga shi yana neman hularsa. Ya ƙwala wa yayana kira, ya ce ya fito da mota. Abin da na manta shi ne ban gaya wa yayan nawa komai ba. Tun daga Ridina har Farcha Baba yana wanke shi tas, shi kuma yana ta rantsuwa, yana hararata ta madubi.

Ƙaryata ba ta yi minti biyar a raye ba. Muna tsayawa a ƙofar baya Madam ta fito da gudu, tana ta "Hajji! Hajji!" da Larabcinta mai tsalle-tsalle, don Larabci ake yi a kasuwar garinmu. Baba ya ce ya zo ganin naman da ya lalace. Ta ce wane nama? Naman ɗansa lafiya lau, ba ta taɓa cewa komai ba.

Baba ya juyo ya dube ni. Na duƙar da kai ina ƙirga yatsun ƙafata.

"Ku zo mu tafi," in ji shi.

Madam ta tare hanya. Ta ce shekara nawa yana ciyar da gidan nan bai taɓa zama a cikinsa ba, yau kam sai ya shiga, kuma ta ƙofar gaba. "Faddal, Hajji," take ta maimaitawa, wato bismillah, shigo. Baba ba ya iya yi wa mace musu a gaban mutane, dole ya bi ta.

Ta zaunar da mu a wani teburi mai zagaye, da gilashi a tsakiyarsa wanda ake juyawa. Aka jera shinkafa, da nama da albasa, da miyar ganye. Na san yanzu zai ce ya ƙoshi. Sai dai na lura babu wanda zai tsoma hannu a faranti. Kowa da ɗan kwanonsa na tangaran, da farin cokali, da tsinkaye biyu irin waɗanda Shinuwa suke cin abinci da su.

Madam ta zauna kusa da shi. Ta tsinto yanka mafi kyau ta ajiye a kwanonsa, ta naɗe hannuwa. Ta ce a garinsu babba ba ya ɗiba da kansa, zuba masa ake yi, kuma babu mai taɓa abinci sai ya fara.

Abinci yana hucewa, Baba yana kallon kwano, hannun hagunsa yana ƙarƙashin teburi.

Don in ɗauke masa hankali, sai na ɗauki tsinkayen nan, na ce ai ni na iya, na sha gani a talabijin. Na cafko yanka ɗaya, ya suɓuce, ya yi sama, ya sauka a kan farar rigar yayana. Madam ta buge mini hannu ta ce Hajji bai fara ba.

Sai muka ji dariya. Wallahi har na manta yadda dariyar Baba take.

"Dubi wannan," in ji shi. "Hannu biyu lafiyayyu, ya kasa kai loma ɗaya bakinsa."

Yana cikin dariyar ya fito da hagun, ya ɗauki cokali, ya yi bismillah. Romo ya ɗan zuba a teburi, babu wanda ya kalla. Ya tauna a hankali, ya ce, "Cinya ce. Saniyar ba ta tsufa ba." Ya dubi yayana. "Ka iya zaɓe." Yayana ya kau da kai yana goge rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

Sau uku Madam ta cika masa kwanon. Daga baya da kansa yake juya gilashin, abin da yake so ya zo gabansa ba tare da ya roƙi kowa ba. Da za mu tafi ta wanke kwanon da cokalin, ta naɗe a jarida ta ba shi.

A mota ya ce mini, "Ƙarya ba ta da kyau. Ni na yafe, saura ka roƙi yayanka." Kuɗin wankin riga ma ni na biya.

Bayan magariba aka fito da farantin maza kamar kullum. Muna wanke hannu sai ga Baba da kwanonsa. Ya zauna a wurinsa na da, ya miƙo mini ya ce, "Zuba mini. Kuma kada wanda ya fara." Mahaifiyata tana tsaye a ƙofar kicin, ta rufe bakinta da mayafi.

Ya yi shekaru yana cin abinci tare da mu kafin Allah ya karɓi abinsa. Mu da muke 'ya'yansa wata bakwai muna lallashi, muna kawo masa hujja, ba mu gane tausayin namu ne yake ƙara tura shi ɗaki ba. Tsohuwar nan ba ta ko kalli hannunsa ba, girma kawai ta ba shi.

Ta koma ƙasarsu tuni, wasu ne suke riƙe da wurin. Ban taɓa yi mata godiyar da ta kamata ba, kuma abin yana damuna har yau. Nakan kai iyalina can wani lokaci, har yanzu cokali nake nema. Kwanon kuwa yana hannun mahaifiyata, da shi take ci. Duk ranar da muka taru ni nake zuba mata, kuma jikokinta sun sani, babu mai miƙa hannu sai ta fara.