Na Kai wa Ilu Kaset Ɗinsa Madina

Ladanin unguwarmu bai gama kiran assalatu ba muka bar Fagge, ni da uwargida da maƙwabta uku da muka haɗa tafiyar Umra. A filin jirgi kowa na lalubar fasfo, ni kuwa hannuna na kan aljihun gaban riga, inda na sa wani tsohon kaset. Uwargida ta harare ni ta ce, "Alhaji, mutane na tafiya Madina da carbi, kai da disko za ka." Na yi dariya don kada maƙwabta su gane maganar ta soke ni. Umra ce ta fito da ni, amma a Madina akwai mutumin da na shekara arba'in da ɗoriya ina tsoron haɗa ido da shi, kuma na ƙudura wannan karon sai na roƙi gafararsa.

Ilu ke nan, tela, abokina tun muna yara. A ƙarshen shekarun saba'in babu abin da ya ɗauke mana hankali kamar wasu mawaƙan disko, baƙaƙen fata na ƙasar waje, masu suma kamar an kifa musu kwando. Ba zan faɗi sunansu ba, 'yan zamanina sun riga sun gane. Rabin Turancin ba ma ji, amma da gangar nan ta buga aka biyo ta da tafi, sai ka ga ƙafarka ta fara motsi ba da izininka ba. Ilu ne ya ɗinka mana wanduna masu faɗin ƙafa da ke share titi, shi ke da faya-fayan, shi ke kwafa mana a kaset. Da yake batir na da tsada, ba ya yarda rediyo ta mayar da kaset baya. Biro zai zura a ramin, ya ɗaga hannu ɗaya sama ya yi ta wulwula shi har zaren ya koma farko. Kuma doka ce a wurinsa, ba ya miƙa wa mutum kaset sai ya mayar masa da shi farko.

Daga baya na fara zuwa wa'azi, zafin sabon tuba ya kwashe ni. Wata Juma'a Ilu ya tafi kasuwar Kwari sayen yadi, na shiga shagonsa na kwaso faya-fayan da kaset-kaset ɗin gaba ɗaya, na cinna musu wuta a bakin ƙofa. Da ya dawo, a gaban jama'a na kira shi ɗan wuta. Tokar kawai ya tsaya yana kallo. Shekara ba ta zagayo ba ya tafi Saudiyya, ko sallama bai yi min ba. Barin rawa lamarina ne, ban yi nadamarsa ba. Amma kayan ba nawa ba ne, mabuɗin wuta kuma ba a hannuna yake ba. Kaset ɗaya ne ya tsira, a aljihun wata tsohuwar kwat ɗina, da rubutun hannunsa a jiki. Na kasa ƙona shi, na kasa yar da shi.

A Jidda wani matashin ma'aikacin filin jirgi ya ɗauki kaset ɗin ya juya gaba ya juya baya, ya leƙa ramukan, ya miƙo min yana murmushi. Ina jin bai taɓa ganin irinsa ba. Daga nan muka hau doguwar mota zuwa Madina. Hanya sumul, ba rami ko ɗaya, har barci ya ƙi zuwa saboda jikina ya saba da jijjiga. Baƙaƙen duwatsu hagu da dama, jefi-jefi ka hango raƙuma. Mun tsaya cin abinci, aka kawo shinkafa da kaza a faranti guda, da shayi mai na'ana'a. Na fara tambayar nawa ke nan a kuɗinmu, uwargida ta ce in ci in yi shiru kafin hawan jinina ya tashi.

Direbanmu Bahaushen Cadi ne. Muna cikin tafiya wayarsa ta yi ƙara, sai ga gangar nan, sai ga tafin. Da muka sauka na tambaye shi ko ya san masu waƙar. Ya ce, "Wallahi Hajji ban san su ba, haka na sayi jawwal ɗin, wato wayar, da ita. Tana da daɗi dai." Wato abin da na ƙona a Fagge ya riga ni isowa ƙasar.

Kwana uku na yi a Madina ban nemi Ilu ba, alhali lambar 'yarsa na cikin wayata, wani tela a unguwarmu ya samo min. Na yi salloli, na yi ziyara, mun je Uhudu, inda masu rumfuna ke kiranmu da Hausa tun daga nesa, kowa na rantsuwa dabinonsa ya fi. Kullum sai in ce gobe. Abin da ke cina shi ne, wanda na yanke wa hukuncin wuta shi Allah Ya ba maƙwabtaka da Manzonsa shekara arba'in, ni kuwa da bizar kwanaki na shigo. A rana ta huɗu uwargida ta ce, "Gobe fa za mu ɗauki harami. In kunya ce ta kawo ka, da ka yi zamanka a Kano."

Da hantsi na kira 'yar ta kwatanta min gidan, na shiga tasi zuwa unguwar Harra ta Gabas. Can ba irin benayen kusa da Harami ba ne. Tsofaffin gidaje ne manne da juna, lunguna ƙanana, na'urorin sanyaya ɗaki na ɗigar da ruwa a bango. Wata mata mai kimanin shekara talatin da biyar ta buɗe min ƙofa, da ganin goshinta ka ga Ilu.

Ta ce, "Tafaddal ya Ammi, shigo. Baba yana ciki. Amma tun da ciwon ya same shi bara, ba ya kalam, bakin ya mutu. Ɓarin dama duk ya mutu."

Ba wanda ya gaya min wannan. Na zo da jawabin da na yi shekaru ina tsarawa, ashe wanda zai amsa min ba shi da bakin amsawa.

Yana kwance a kan gado, ya rame, gemu fari fat. Keken ɗinkinsa na gefe an lulluɓe da zane. Na yi sallama, na faɗi sunana, na faɗi sunan unguwarmu. Ya dube ni kamar yadda ake duban mai kawo takardar wutar lantarki. Duk da haka na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce, "Ilu, na zalunce ka. Na ƙona maka kaya, na ci mutuncinka a gaban mutane. Don Allah ka yafe min." Idonsa na kan silin.

Can sai ya ɗaga hannun hagu sama ya fara juya shi. 'Yar ta miƙe da sauri ta ƙara fanka. Ta ce, "Kullum haka yake yi. Zafi yake ji, miskin. Muna ƙara masa fanka amma ba ya bari."

Na kalli hannun da kyau. Babban yatsa da manuni a haɗe, kamar ya riƙe wani siririn abu, wuyan hannu na zagayawa. Shekara guda suna ƙara wa bawan Allah fanka. Na ce, "'Yata, ba ni biro."

Na zura biron a ramin kaset na sa masa a hannu. Yatsun suka kama shi daidai inda suka saba. Kaset ya fara wulwulawa, da wannan 'yar ƙarar da na manta ina sonta. Gidan babu rediyon kaset, kuma ba zan iya kunna disko a waya a garin Manzo ba. Sai na sunkuya kusa da kunnensa na yi masa gangar da baki, a hankali, ina tafa cinyata inda tafin yake. Ni, da furfurata, da tabon sallah a goshi. Ƙafarsa ta hagu ta fara motsi a ƙarƙashin zanen rufa. 'Yar ta toshe baki da mayafi, ta ce ita ba ta taɓa sanin babanta ya san waƙa ba. A nan na fashe da kuka, domin na san wanda ya raba shi da ita.

Ya daɗe yana juyawa, hannun na gajiya yana hutawa, har zaren ya ƙare biron ya tsaya cak. Ya sauke hannu, ya dube ni, wannan karon ni yake kallo. Sannan ya miƙo min kaset ɗin. Na ce nasa ne, shi na kawo wa. Ya ƙara turo shi har ya taɓa ƙirjina. Na karɓa.

Washegari muka ɗauki harami a Bi'ir Ali, cikin cunkoson motoci da masu neman takalmansu. Makka ta yi mana kyau, mun yi Umra lafiya, na yi wa Ilu addu'a a kowane zagaye. Maƙwabta suka ciko jakunkuna da dabino da zamzam, muka sauka Kano ana yayyafi.

Uwargida ta tambaye ni ko ya yafe. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ke nan. Na ga ya yi min abin da yake yi wa abokansa, amma kalmar da na je nema ban ji ta ba, kuma ba zan ji ta ba a duniyar nan. Shekara arba'in bakinsa na aiki, ni ina jiran ranar da kunya za ta sake ni. Wanda duk ya san ya ɓata wa wani, ya je yau, tun mai amsawa na iya amsawa.

Wani mai gyaran rediyo a layinmu ya ce yana da tsohuwar da ke aiki, in kawo kaset ɗin mu ji. Na ce a'a. Waƙoƙin suna ko'ina, har a wayar direba. Amma zaren nan Ilu ne ya mayar da shi farko da hannu ɗayan da ya rage masa, in na kunna na warware.