Baba ya ce dashe za a yi mani

Jiya bayan ruwan safe na iske Baba a gonarmu ta Mabai, duƙe yana cire gero inda ya yi cunkoso yana kaiwa gurbin da bai tsiro ba. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Baba, jami'a ta ɗauke ni!"

Bai ɗago ba. Tun bara yake cewa bai yarda in koma ɗan aji ɗaya da gemuna ba, ina malamin firamare.

Ya ce, "To NCE ɗin da ka sha wahalarta fa? Ta tashi a banza ke nan?"

Na ce, "A'a Baba, da ita ma aka ɗauke ni. Karatun da na yi a kwaleji ba sai na maimaita ba, aji biyu zan shiga kai tsaye."

Sai ya miƙe, ya dubi geron da ke hannunsa, saiwa duk jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Au! Ashe dashe za a yi maka, ba sabuwar shuka ba?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba!"

Ya yi dariya ya ce, "To je ka, Allah ya yi albarka. Amma kar ka kakkaɓe ƙasar gida daga saiwarka, dashe bai kamawa haka."

Wallahi har na iso Ƙanƙara a kan babur bakina bai rufu ba.

Masu NCE da difloma, wa aka taɓa yi wa irin wannan dashen? Ya kama kuwa?