Gidan Makoki a Kan Teburin Saifuddeen

Saifuddeen ɗan Dagumawa ne, yana da shagon buga takardu kusa da jami'a a Wudil. Sanyin maganarsa har yakan sa masu kawo aiki su zaci barci yake ji. Amma duk Asabar bayan la'asar sai ya kwashe takardu daga tebur, ya fito da ƙwayar ludo, ya koma wani mutum daban. Wasan labari yake jagoranta. Shi ke ƙago gari da mutanensa, kowane ɗan wasa ya ɗauki mutum guda ya faɗi abin da zai yi, ƙwaya ta nuna ko ya dace.

Ciwon kansa Jamil da Mudassir ne, ɗaliban da ba su san komai ba a wasan sai sara. Ƙofa a rufe, a ɓalle ta. Mai gadi ya yi tambaya, a zare masa takobi. Rahinatu kuwa, wadda ta zaɓi zama tsohuwa maginiyar tukwane a labarin, sai dai ta zuba tagumi tana kallonsu. Da ta ce Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe gare ta, abin ya dami Saifuddeen ƙwarai, don ita kaɗai ke sauraron labarin da zuciya ɗaya.

Ranar ta zo, ya kai su bakin wani kogi a cikin labarin. Mai fito ya rasu, matarsa kaɗai ta san inda ake tsallakewa, ga ta a cikin gida tana takaba.

Jamil ya ce jaruminsa zai yi sallama ya tambayi hanya.

"A gidan makoki, ko gaisuwa ba ka yi ba?" in ji Saifuddeen. "Dattawan zaure sun sunkuyar da kai, ba wanda ya tanka maka."

Mudassir ya jujjuya ƙwaya a hannu, ya rasa wanda zai sara, ya ajiye.

Sai Rahinatu ta ce tsohuwarta za ta shiga ciki, ta tuɓe takalmi, ta zauna gefen tabarma. "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin, 'yar nan. Da godiya," Saifuddeen ya amsa a madadin matar. Muryar da ta fito irin ta mahaifiyarsa ce lokacin da ta yi takabar babansa, sai kewa ta kama shi.

Rahinatu ta tambayi Inna ko ta ci abinci. Ta ɗebo mata ruwa, ta zauna tana jin labarin mamacin. Jamil ya raɗa mata, "Ki tambayi hanyar mana."

"Ba yau ba," ta ce.

Har aka kira magariba ba wanda ya tsallake kogin. Rahinatu ta rataya jakarta, Saifuddeen yana tattara kujeru. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Malam, ka faɗa wa Inna ranar Asabar zan dawo. Ba zan bar ta ita kaɗai a ɗakin nan ba."