Ranar da Muka Kai Kawu Jigawar Mata

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Kazaure, ina ji da kaina ƙwarai a harkar waya. Duk wanda tasa ta rikice a unguwa wurina yake kawowa, ni kuma in karɓa ina wani yamutsa fuska kamar likita. Jiya wani abokina yake tambayata yadda zai samu data mai araha idan ya fita waje, sai wani abu da ya same ni a wancan lokacin ya dawo mini sabo fil, na ce bari in ba ku labari.

Mahaifiyata 'yar wani ƙauye ce a tsallaken iyaka, cikin Nijar, ba nisa sosai daga Babura. Aure ne ya kawo ta Kazaure. Su biyu ne a wurin iyayensu, ita da yayanta, wato kawuna. Lokacin da kakata, wadda suke kira Iya, ta rasu a gidan kawu, mahaifina yana kwance rai a hannun Allah, don haka ba ta samu zuwa ba sai bayan arba'in. Kawu ya yaɓa mata magana a gaban mutane, ita ma da yake ba kanwar lasa ba ce ta mayar masa da wadda ta fi tasa zafi. A ranar ta juyo, ba ta sake taka garin ba har shekara goma sha bakwai. Da Sallah sukan gaisa a waya, gaisuwar da ba ta wuce "lafiya lau, madalla."

Sai ga shi likitoci a Kano sun ce za a yi mata aiki a ciki ranar Litinin, za a kwantar da ita tun Lahadi da safe. Ranar Alhamis ta sa aka kira ni ɗakinta. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗar sunana.

"Kai, gobe ka shirya ka tafi wurin kawunka."

Na ce, "Hajiya, ai ga waya. Bari in kira miki shi yanzu."

"Na sha jin muryarsa. Na ce ya yafe mini, ya ce ba komai. Baki yana iya cewa ba komai alhali da komai. Idonsa nake son gani. Ka je ka haɗa mu a wannan abin naku mai hoto kafin a sa mini wuƙa."

Wayar kawu irin 'yar ƙaramar nan ce, rakani-kashi, ga shi ƙafa ta hana shi doguwar tafiya. Na ce mata wannan ai ƙaramin aiki ne, ta ɗauka an gama. Na nuna wa ƙanwata yadda za ta riƙe mata wayar, na kama hanya ranar Juma'a.

A Babura na tsaya shagon wani abokina mai sayar da waya. Da ya ji inda za ni, sai ya ce, "Malam, ɗan jira in samo maka layin can a wurin 'yan canjin sefa. Kowa a nan layi biyu gare shi."

Na yi masa dariya irin ta masana, na ce layina zai yi aiki a can, romin ake kiran abin. Na sa ya loda mini kati mai yawa. Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya tsare hanya." Yadda ya faɗi maganar ya kamata ya sa in tsargu, amma ina, wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Na hau babur muka ratsa gonaki, gero ya yi kai, hanyar duk rairayi. Muna tsallake iyaka saƙo ya shigo da Faransanci, na fahimci maraba ake yi mini, har na ji daɗi. Na kunna data na rubuta wa ƙanwata cewa na kusa, na mayar da wayar aljihu ban kashe ba.

Kun san gaisuwar mutanenmu idan an daɗe ba a haɗu ba. Kawu ya tambayi gida da aiki da damina. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta kawo fura. Maƙwabta suka yi ta shigowa ganin ɗan 'yarsu da ya zo daga Najeriya. Duk wannan lokacin wayata tana ta motsi a aljihu, ni kuma ina murmushi, ina ganin abin yana aiki. Ashe rukunin tsofaffin ɗalibai ne, da na malaman makaranta, da na 'yan unguwa, kowa yana turo bidiyon biki da na wa'azi, wayar kuma tana saukewa da kanta, a farashin baƙunta. Bayan la'asar na gaya wa kawu cewa Hajiya tana son ganinsa a waya. Ya ce to, ba tare da ya dube ni ba. Na fiddo wayar da isa, na danna kira, shiru. Na duba kati, ko na fulashin babu.

Kawu ya ce, "Yaya dai, malam?"

Na ce, "Wata 'yar matsala ce, Kawu, gobe zan gyara."

Asabar da sassafe na nufi kasuwar wani gari da ke kusa don in sayi layin Nijar. Mai sayarwa yana zaune ƙarƙashin laima, ya ce in kawo katin ɗan ƙasa ko fasfo. Na miƙa masa katin makarantarmu. Ya juya shi gaba da baya, ya mayar mini da ladabi. Wani a gefe ya ce yana da layin da aka riga aka yi wa rajista, amma da ya faɗi kuɗinsa a sefa na juya shi zuwa naira a raina, na ga sai dai in koma Kazaure a ƙafa. Duk da haka na fara lalube aljihu, don abin ya wuce maganar kuɗi. Allah ya saka wa mai laimar nan da alheri, shi ya tambaye ni garin da na sauka. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai.

"Kada ka ɓata kuɗinka, baƙo. Rezon namu a can murya kaɗai yake ɗauka, ba ya ɗaukar hoto."

Rezo shi ne sabis a bakinsu. Na dawo gidan kawu wajen azahar. Gobe da safe za a tafi da mahaifiyata Kano, kuma babu wanda ya san yadda aikin zai ƙare sai Allah. Tunda nake ba ta taɓa roƙona wani abu irin wannan ba. Na zauna a gindin rumbu na zuba tagumi, wallahi kaɗan ya rage in yi hawaye.

Inna tana tankaɗe a gefe, ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, tun jiya nake ganinka kana fama da wayar nan. Me ya hana ka zuwa jigawa?"

"Wace jigawa, Inna?"

"Jigawar mata mana. Can ai rezon garinku yana zuwa."

Sai ta yi mini bayani. Yawancin mazan garin suna ci-rani a Kano da Legas. Kowa kafin ya tafi yakan bar wa matarsa babbar waya da layin Najeriya, ya riƙa turo mata data daga can da araha. A kudancin gari akwai wani tudun rairayi mai tsayi da bishiyar gawo a kansa, inda sabis ɗin Najeriya yake tsallako iyaka ya iso. Kullum bayan la'asar mata sukan hau da goyonsu, kowa ta ga mijinta, ta nuna masa yara.

Ban jira la'asar ba. Inna ta yafa mayafi ta raka ni, muka tarar da mata uku sun riga mu. Na ɗaga waya sama, na juya gabas na juya yamma, babu abin da ya canza. Wata mai goyo ta gaji da kallona ta miƙo hannu.

"Kawo nan, malam. Ai ka bar ta tana zaɓa wa kanta rezo. In ka sake mata, na nan za ta kama, don shi ya fi kusa. Kai za ka zaɓa mata."

Na tambaye ta ko tana karanta Turanci. Ta ce ko na Faransa ba ta karantawa, wurin ta haddace. Ta danna wata alama mai kama da haƙorin keke, ta sauka na uku, ta kashe wani abu, ta jira, sunaye suka jeru, ta taɓa ɗaya. Ta nuna mini wani turmi da aka kife a gindin gawon ta ce in hau in fuskanci kudu. Ina hawa sandunan sabis biyu suka fito, sai ta uku. Na duba, ga datata ta wata da na saya tun a Kazaure tana nan cif, ko taɓa ta ba a yi ba. Kwana biyu ina yawon neman abin da ke cikin aljihuna. Na yi kabbara da ƙarfi har goyon matar ya farka, su kuwa me za su yi in ba dariya ba.

Na kira ƙanwata na ce su zauna cikin shiri, na sauko da gudu. Ashe babban aikin yana gaba.

Kawu ya ce, "Ni? Da furfurata in je in zauna cikin matan mutane? Kai, ɗan nan, ka san abin da kake faɗa kuwa? Ta kira ni a tawa mana, ai tana da lambar."

Har lokacin ban gaya masa maganar asibiti ba, don Hajiya ta ce kada in tayar masa da hankali. Na durƙusa a gabansa na saɓa mata.

"Kawu, jibi za a yi mata aiki. Gobe za a kwantar da ita. Ta ce idonka take son gani."

Can sai ya juya wajen Inna ya ce, "Miƙo mini hulata. A ɗauro amalanke."

Haka muka ratsa tsakiyar gari, kawu zaune a kan amalanke da babbar rigarsa ta Juma'a, shanu biyu suna ja, ni ina gaba riƙe da igiya, mutane suna leƙowa daga zaure. Lokacin jigawar ta cika da mata, kowa da waya a sama. Suna hango shi aka fara gyara mayafi, aka dare, aka bar masa gindin gawon da kowa ke rububi. Muka tsayar da amalanken daidai wurin, na hau turmi na ɗaga wayar yadda fuskarsa za ta fito, na danna kira.

Hoton ya yi rawa, ya tsaya, ya sake rawa, sannan ya washe. Ga Hajiya a kan gadonta, ta ɗaura sabon kallabi. Suka zuba wa juna ido. Jigawar ta yi tsit, har matan da ke tsakiyar hira da mazajensu sun katse.

Kawu ne ya fara magana. "La ilaha illallahu. Fuskar Iya ce sak. Yaushe kika koma Iya?"

Hajiya ta fashe da kuka. "Yaya, ka yafe mini. Don Allah ka dube ni ka yafe mini."

Ya cire hularsa ya ajiye a cinya, ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. "Ga ni ina kallonki. Na yafe duniya da lahira. Ni ne babba, ni ya kamata in bi ki tun a ranar. Ke ma ki yafe mini."

Ban san wadda ta fara rangaɗa guɗa ba, amma sai da jigawar ta ɗauka gaba ɗaya. Inna tana share ido da bakin mayafi. Ni kuwa hannuna ya yi tsami a kan turmi, amma ko za a ba ni Kazaure da duwatsunta ba zan sauke wayar nan ba. Suka yi ta hira har rana ta yi ja, tana tambayarsa wane da wance, yana cewa wannan ya rasu, wannan ya yi jikoki. Har faɗa suka so su sake yi a kan wanda ya fi wani taurin kai.

An yi aikin lafiya, mahaifiyata tana nan da ranta, tana jin ana karanta mata wannan ma za ta ce na cika surutu. Da kaka ta yi, na aika wa Inna babbar waya da layin gida, kuma an ce kawu ya zama namiji na farko da ke da wurin zama na dindindin a jigawar mata duk Juma'a.

Tun daga lokacin, duk inda na sauka ba na fara tambayar masu shago ko masu ilimi irina. Nakan nemi waɗanda suke da wani nasu a nesa, don su ne buƙata ta koya wa hanya mafi sauƙi. Na yi tafiye-tafiye bayan nan, na sayi data mai tsada da mai araha, amma babu wadda ta biya ni kamar waccan.

Abin da ba na mantawa shi ne safiyar Litinin ɗin. Na iso Kano a gajiye ana shirin tura ta ɗakin tiyata, ƙanwata tana kuka, ni ma ina ta maza ne kawai. Wata nas ta sunkuya ta ce, "Mama, kada ki ji tsoro."

Hajiya ta dube ta ta yi murmushi.

"Tsoron me, 'yar nan? Na ga yayana. Mu je."