Anti Maza-Maza da Hawainiya Mai Ƙafa Uku

Akwai wata magana da ke yawo a cikin dangi, wai ranar da za a haifi Anti Maza-Maza ba ta jira ungozoma ba. Wai matar tana ƙofar ɗaki tana neman inda za ta tuɓe takalmi, jaririya kuwa ta riga ta fito, ta yanke cibiyarta da kanta, tana tambayar wa ya ɗora ruwan wanka. To, ƙarya ce. Uwarta na nan da ranta, ta ce wuce watanta ma ta yi, har aka fara tunanin ko ta fasa zuwa. Abin da ya faru kawai, tana isowa ta gane ta makara, shi ne take ta gudu har yau ko za ta cike giɓin. Wanda ya ƙirƙiro zancen ungozomar kuwa ɗan gwaggonta ne, Tela, abokin wasanta, mutumin da ya bar makaranta a tsakiyar hanya don ya hango ƙarshen da nisa.

Dama zuriyar tasu ba a san ta da jira ba. Shayi na tafasa suke kurɓa, su ƙone harshe, su zagi kofi. Amma ita ta kere kowa. In ta kira ka a waya, kafin ka gama sallama ta faɗi saƙonta ta kashe. Girkinta kullum da sauran rai a jikinsa ake sauke shi. Mijinta direba ne mai sanyin hali, shi ke buɗe magana ita ke rufewa, ya gyaɗa kai ko da ba can ya nufa ba.

Wannan baiwar Allah ce aka damƙa wa ajin ƙanana a wata makaranta ta bayan layi. Ɗaki ne mai kujerun roba ja da shuɗi, da jerin ƙusoshi a bango inda ake rataye jakunkuna, da fankar da ta fi ƙara fiye da iska, da bokitin wanke hannu a bakin ƙofa. A gun bokitin nan ake yaƙi kullum. Wannan ya ture wancan, waccan ta ciji wannan, sabulu ya tashi sama. Da abin ya ishi shugabar makarantar, sai ta ce a koya wa yaran haƙuri, kuma da labari za a koya musu, ba da tsawa ba.

Da zancen ya iso gida, Tela ya yi dariya har allura ta soke shi.

Ita kuwa ba ta ga abin dariya ba. Ta zauna ta shirya labarinta da kanta: wata hawainiya ce za ta je gaida kakarta a ƙarshen reshe, tana ɗaga ƙafa a hankali, tana saukewa a hankali, tsuntsaye na mata tsiya ba ta kula su ba. Labari mai kyau, wallahi. Matsalar bakin da ke bayar da shi ne. Kafin yara su gama gyara zama, hawainiya ta tashi, ta isa, ta gaida kaka, ta ci abinci, ta dawo gida.

Wani ɗan lukutin yaro da ke zama a gaba ya ɗaga hannu. "Anti, babur ta hau?"

Kada a ce ba ta son yaran. Tana son su kamar ta haɗiye. Ta san wanda ke kuka in uwarsa ta juya baya, ta san wadda ke ɓoye biskit a safa. Sai dai ƙaunar tata ma da gudu take zuwa. Yaro ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, ta ɗaure. Ya fara cire murfin gora, ta cire. Ya buɗe baki, ta ƙarasa masa.

A ajin akwai wata ƴar siririya da ake kira Kitso-Biyu, saboda kullum kalba biyu uwarta ke mata. Yarinyar tana da in'ina. Takan zo ta kama gefen zanen Anti, ta fara: "An-an-anti, z-z-zan..."

"Za ki sha ruwa? Ungo, ƴar albarka."

Ta sha. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ko ruwan take so ko wani abu daban, ba wanda ya sani, don ba a taɓa jin ƙarshen maganar ba. Sannu a hankali ta daina kama zanen. Daga baya ta daina buɗe bakin gaba ɗaya, sai ido. Anti har yabonta take a ofis, wai ga yarinya mai haƙuri, labarin hawainiya ya fara aiki.

Sai ga uwar yarinyar wata rana bayan an tashi. Mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, ba ta zo da faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

"Anti, a gida tana magana. Da ƙyar, amma tana yi. Na tambaye ta me ya sa ba ta yi a makaranta, ta ce ba sai ta yi ba, Anti ta san komai."

"Ai Maman Kitso, ni kawai ina..."

"Ki bari in ƙarasa, don Allah." Anti ta haɗiye sauran. "Zan zo ranar Juma'a in zauna a ajin. In haka abin yake, zan cire ta. Gara ta zauna gabana tana in'ina da ta zauna nan ta koma bebiya."

Da yamma Anti ta faɗo shagon Tela kamar an koro ta. Ta ce hawainiyar tsumma take so, yanzu-yanzu. Tela, wanda shi ma jininsu ɗaya, ya wawuri guntun koren yadi, ya cusa masa auduga, ya liƙa maɓalli biyu da ba su san juna ba a matsayin ido. Sai da ya miƙa mata ya lura ƙafa uku ya yi. Abin ya fi kama da safar da mota ta taka. Ta ce ba komai, ta fizge ta yi gaba.

Washegari ta kafa doka. Labarin yanzu na kowa ne, hawainiya taku ɗaya take yi a bakin kowane yaro. Wanda tsumman ke hannunsa shi kaɗai ke da magana, saura su jira, har da Anti. Yaran suka so dokar, musamman ɓangaren har da Anti. Amma duk lokacin da tsumman ya zo kan Kitso-Biyu, sai ta miƙa wa na kusa da ita.

Ranar da uwar ta zo, ta lanƙwashe kanta a wata ƴar jar kujera can baya, gwiwoyinta har haɓa. Tela ma ya zo, wai ya kawo ƙafa ta huɗu, alhali gulma ta kawo shi. Ya maƙale a taga.

Tsumman ya zaga. Wani ya ce hawainiya ta ga tururuwa. Wata ta ce hawainiyar ta koma ja. Ya iso hannun Kitso-Biyu. Ta dubi na kusa da ita, ta waiwayi uwarta, sai ta rungume shi.

"S-s-sai ha-ha-ha..."

Bakin Anti ya buɗe da kansa. Kalmar na nan a kan harshenta, a shirye, har da sauran jimlar: sai hawainiya ta isa gidan kakarta.

"Anti," in ji ɗan lukutin nan, yana nuna ta da yatsa, "ba a hannunki take ba."

Ta rufe bakin. Ta zauna a kan hannayenta. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Tela ya rantse ya ga hayaƙi na fita ta kunnenta, amma Tela ne. Fanka na ta ƙara. Ba yaron da ya motsa.

"...ha-hawainiya ta ce," yarinyar ta ja numfashi, "f-f-fitsari take ji."

Aji ya kece da dariya. Ita ma yarinyar ta ƙyalƙyale, ta ƙara ƙanƙame tsumman, ta ci gaba, tana tuntuɓe tana tashi: wai tsuntsu ya ba hawainiya ruwa, ta ce ba ruwa ba, ya sake ba ta, ta ce ba ruwa ba. Anti ta tuna kofunan ruwan da ta ɗura wa yarinyar nan, ta ji kamar ta shige ƙarƙashin tebur. Ba ta shiga ba. Ta zauna har labarin ya ƙare inda mai shi ta ga dama.

Da aka tashi, uwar ta miƙe da ƙyar tana dafa ƙugu. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ciro jakar ƴarta daga ƙusa, ta ce, "Yi wa Anti sallama." Sallamar ta ɗauki lokaci, Anti ta tsaya cak har aka kai ga "sai Litinin."

Suna fita Tela ya faɗo ajin yana tafi.

"Yau na ga abin al'ajabi! Wallahi sai na tara dangi. Ƴar kawu, a kira miki likita ne? Na ga jijiyar wuyanki ta tashi kamar igiyar shanya, na ce shi ke nan, yau za ta fashe, kalmomi su watsu a..."

"Kwashe kujerun nan ka jera su a bango."

"A'a, ki bari mana in ƙarasa! Ina haƙurin da kika koya yanzu-yanzu?"

Ta ɗauki bokiti ta ɗora masa a hannu.

"Ita ana jiranta ne don akwai magana a ƙarshe. Kai tun muna yara nake jiran taka."